Wata Uku Ina Horo

Jama'a, kafin ku cika min waya da "ina maganar auren ta kwana?", ku zauna ku ji daga bakina. Na lura labarina ya riga ni shiga gidaje da yawa, kuma duk inda ya kwana sai an ƙara masa gishiri. Ni ce auta a gidan shugaban dattawan ikilisiyarmu. Shekarata ashirin da shida, ina aiki a shagon tabarau, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa, layi na biyu daga hagu, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Saura wata huɗu aurena wannan abu ya faru, kuma da yatsana na rubuta kalmar da ta jawo shi.

Sai kun san Baba tukuna. Shekara goma sha tara yana jan ragamar majalisar dattawa. In yarinya ta yi ciki ba aure, ko magidanci ya sha ya yi tamɓele a titi, Baba ne ke miƙewa ranar Lahadi, ya gyara zaman tabarau, ya karanta cewa an sa wane a horo na wata kaza. Wanda yake horo ba ya waƙa, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa masu bi, ba ya riƙe wani aiki a coci, kuma wurin zamansa bencin ƙarshe ne, kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Ban ce horo mugun abu ba ne, na ga mutanen da ya maido kan hanya. Amma na kuma ga yadda wasu ke gyara zama su bar gyangyaɗi da zarar Baba ya warware takardar nan. Gidaje nawa ne ya karanta sunan 'ya'yansu? To duk suna nan, kuma ba su manta ba.

Sai wanda zan aura. Malamin sakandare ne, shi ke jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa. 'Yan matan ƙungiyarmu Malam Tsarki suke ce masa a bayan idonsa, domin ba ya jera magana uku babu tsarki a ciki. Wata mara kunya a cikinsu har cewa ta yi ranar aurenmu buta za ta kawo mana gudummawa. In muna tafiya tare, tazarar da ke tsakaninmu mai keke zai bi ya wuce bai gogi kowa ba. Kullum ƙarfe biyar da rabi na safe saƙonsa ke tashe ni: "'Yar'uwa, barka da tashi cikin alheri. Siket ɗin jiya yana ɗan ɗagewa in kin zauna. A kula." Ku yi dariyarku, ni dai ina son sa. Ranar da aka kwantar da Mama a asibiti shi ya yini a layin karɓar magani bai ko zauna ba. Kuma in na yi masa barkwanci yakan rufe baki da hannu ya yi dariya har kafaɗarsa na rawa, ya waiga ya ga ko wani ya gan shi.

To, mai shagonmu ya sayo sabuwar na'urar auna ido, ya ce ni za a koya wa aiki da ita. Mai koyarwar ba shi da lokaci sai Laraba da yamma, Asabar da safe, da Lahadi daga bakwai zuwa tara. Laraba ranar gwajin waƙarmu ce. Lahadi kuwa, hmm. A nan na ɗauki laifina, ba sai an ɗora min ba: ban gaya wa Baba ba, domin na san zai ce in bar aikin. Ban gaya wa Malam ba, mutumin da yake ganin gugar riga ranar Lahadi a bakin zunubi take. Mama kuma tana can wajen Yaya da ta haifi tagwaye, ko wayarta ba ta samun ɗagawa. A gida daga ni sai Baba sai Goggo, ƙanwarsa.

Ranar Litinin ina zaune a bayan kanta ina goge gilasai, na ɗauki waya na rubuta a guruf ɗin mawaƙa:

"Salama 'yan'uwa. Ba za ku gan ni a gwaji ko a layin waƙa ba har wata uku, ina horo. Ku sa ni a addu'a."

Haka aka rubuta a takardar da mai shago ya ba ni, horo. Haka muke faɗi a shago safe da yamma. Ko kusa hankalina bai kai ga ɗaya horon ba, ni da na tashi a gidan da ake dafa shi.

Mutum arba'in da uku ne a guruf ɗin, waɗanda in aka sa hoton takalmi sai sun yi sharhi ɗari. Minti goma ba wanda ya ce uffan. Sai ga saƙonni suna shigowa.

"Allah ya ba ki ƙarfin jurewa, 'yar'uwa."

"Ba wanda ya fi ƙarfin faɗuwa."

"Kai! Ke ma?"

Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai ƙauna. Har na ƙara musu da: "Amin, na gode. Ba sauƙi, amma ni na jawo wa kaina, kuma zan koyi abubuwa da yawa." Ku dai ce Allah ya shirye ni.

Washegari biyar da rabi ta yi, saƙon Malam bai zo ba. Na ce ko makin jarrabawa ne ya sha kansa. Na tura masa gaisuwa, alamar ta nuna ya karanta, shiru. Na kira, ta yi ta ringi har ta gaji. Sai dai kullum ya sa sabon rubutu a sitatus ɗinsa na waya, yau a kan kyarkeci cikin fatar tunkiya, gobe a kan haske da duhu ba sa zama wuri ɗaya. Har alamar yabo na danna wa ɗaya.

Lahadi na iso coci tara da rabi, ana tsakiyar wa'azi, sanye da doguwar riga ruwan toka maimakon farar riga da shuɗin siket na mawaƙa. Mai tsaron ƙofa ba ya barin kowa ya ratsa gaba in ana wa'azi, kuma ko ina a cike yake sai bencin ƙarshe. Na zauna abina, har ina jin daɗin iskar ƙofa. Daga can kan dakalin dattawa Baba ya hango ni, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wuyan mutane kuwa ranar ya sha aiki.

A gida Baba ya daina cin abinci a falo. A addu'ar safe sai ya yi ta roƙo da ƙarfi saboda "waɗanda suka bauɗe a cikin gidan nan", ni kuma ina cewa amin, a zatona da Goggo yake. Ita Goggo sai bin ƙuguna take da ido. In na tofar da yawu ta ce "uhm". In na yi hamma ta ce "uhm-uhm". Rannan har lemun tsami ta ajiye min a kan madubi ba tare da na roƙa ba.

Lahadi ta biyu ranar jibin Ubangiji ce. Na sake makara, na sake zama a bencin ƙarshe. Da farantin ya zo kusa, sai ɓoyon da nake yi wa Baba ya tsaya min a rai, na ga bai kamata in ci da ƙarya a bakina ba, na sunkuyar da kai na bar shi ya wuce. Kusa da ni akwai Anti Tela, wadda ke ɗinka mana kayan mawaƙa, ita da gaske take horo tun haihuwar ɗanta. Ta matso ta riƙe min hannu.

"Ƙanwata, wata nawa ne?"

"Uku," na ce.

Ta kalli cikina. "Ikon Allah. Bai fito ba ko kaɗan. Kina zuwa awo dai ko?"

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Komai ya dawo min lokaci ɗaya, saƙonnin guruf, lemun tsamin Goggo, kyarkecin Malam. Na raɗa mata gaskiyar magana. Anti Tela ta cusa bakin ɗankwalinta a baki, jikinta na girgiza, hawaye na zuba, har mai tsaron ƙofa ya ɗauka kukan tuba take yi, ya ce "Haleluya" a hankali.

Da na koma gida na ɗauki waya zan warware zancen a guruf. Na rubuta har layi uku. Sai zuciya ta ce min, tsaya. Kwana goma sha uku ke nan ana dafa ki ana ci, mutum ɗaya ce ta buɗe baki ta tambaye ki, ita ma wadda aka jingine tare da tsintsiya. Na goge abin da na rubuta. Na ce bari in ba su mako guda in ga wa zai ƙwanƙwasa min ƙofa. Taurin kai ne, na sani, a wajen Baba na gada. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a ƙasan ɓacin ran ina ta fatan Malam ne zai kira.

Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Abin da ya zo takarda ce, ranar Alhamis, an turo ta ta ƙarƙashin ƙofar ɗakina. Majalisar dattawa tana gayyatata ranar Asabar ƙarfe huɗu a ofishin Baba Fasto. A ƙasa sa hannun shugaban majalisa, wato mutumin da nake jin tarinsa ta bango.

Na sa farar rigata ta aiki mai aljihu, na ɗaura ɗamara na matse ta sosai don mai ido ya gani, na saka takardar mai shago a jaka. A ofis na tarar da Baba Fasto a bayan teburinsa, Baba a damansa, sakatare da babban littafinsa, da wani tsohon dattijo da kunnensa ya yi nauyi. A gefe ga Malam, kansa a ƙasa, ga mahaifiyarsa, shugabar zumuntar mata, wadda kowa ke kira Mama Shugaba. Ashe ita ta tayar da ƙurar. Ta ce ba za a karanta sunan 'ya'yan talakawa a gaban jama'a a ɓoye na 'yar dattijo ba.

Bayan addu'a sakatare ya ce akwai wasiƙa daga ɗan'uwa Malam. Shafi biyu ce, gaba da baya. Ba zan gajiyar da ku ba, ga tsokar: "Ina shaida a gaban Allah da dattawa cewa ban taɓa riƙe ko da hannun wannan 'yar'uwa ba. Duk abin da aka samu tare da ita ba nawa ba ne. Domin kiyaye tsarkin hidimata, na janye maganar aure."

Na san rubutunsa, na san yadda yake lanƙwasa harafin farko. Ban yi kuka ba. Wato shi da ya ga gemun wani ya kama wuta, nasa kawai ya shafa wa ruwa, bai ko duba ko wutar gaske ce ba.

Baba Fasto ya yi gyaran murya. "Dattijo, mu mun yi shiru ne saboda girmanka. Tun da kai ka ga ya dace ka sa ta a horo daga gida..."

Baba ya ɗago. "Ni? Baba Fasto, ai kai ka sa ta, ka ɓoye min don kada in ji kunya."

"Ni ban sa kowa ba."

Suka juya ga sakatare. Ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya juya shafi gaba, ya juya baya. "Ni dai babu a rubuce a wajena."

Tsohon dattijon ya kara hannu a kunne. "To wai wa ya sa ta a horon ne?"

"Mai shagon tabarau, Baba," na ce da ƙarfi yadda zai ji.

Na miƙa takardar. Sakatare ya karanta ta tun daga tambarin shago har zuwa "horo na wata uku a kan na'urar auna ido". Tsohon ya fashe da dariya har ta koma tari, sai da aka ba shi ruwa. Ban da shi ba wanda ya motsa.

Mama Shugaba ce ta fara farfaɗowa. "To me ya kai ta bencin baya? Me ya hana ta jibi?"

Na faɗi gaskiya, cewa Lahadi da safe nake zuwa koyon, na ɓoye wa mahaifina, kuma nauyin ɓoyon ne ya hana ni ci. Na ce in akwai horo a kan wannan, a rubuta, zan ɗauka. Sannan na sassauta murya kamar ta Allah.

"Baba Fasto, ni yarinya ce, a ƙara min sani. In ana zargin mutum da laifi, me nassi ya ce a fara yi?"

Baba Fasto ya gyara zama. Ya ce a fara zuwa wurinsa shi kaɗai, a yi magana tsakanin mutum biyu. In ya ƙi ji, a koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in duk wannan bai yi ba ake kai wa ikilisiya. Ya ce kuma ba don a kunyata shi ake yi ba, don a samo shi ne. Ya numfasa ya ce, "Mu daga ƙarshe muka fara, 'yata. Ki gafarce mu." Wannan darasin, jama'a, a bakin Baba na fara jin sa ina 'yar shekara tara, kuma ga shi nan zaune a wurin.

Washegari Baba Fasto da kansa ya yi bayani a gaban jama'a. Da aka tashi sai ga runguma ta ko ina. "Ni dama ban yarda ba." "Ni sai da na ce a bincika." Mutum arba'in da uku, duk ashe ba wanda ya yarda. Har wadda ta rubuta "Ke ma?" ta ce wai tana nufin ita ma tana son koyon aikin tabarau. Na wuce su na je na rungumi Anti Tela.

Ƙarfe biyu wayata ta yi ƙara. Malam ne, bayan kwana ashirin.

"'Yar'uwa, mun gode wa Allah. Gwaji ne daga Maƙiyi, kuma mun ci nasara. Muna tafe da Mama da la'asar."

Mun ci. Ni da wa?

Suka zo kuwa. Goggo, wadda ta kwashe lemun tsaminta tun da safe, ta cire ledar da ke kan kujerun falo, ta fito da kofunan gilashi na cikin kabad waɗanda ba a taɓa su sai Fasto ya zo. Baba ya zauna a kujerarsa ta kusa da rediyo. Malam ya sa rigar nan mai ruwan ƙasa da na taɓa ce masa tana yi masa kyau, kuma, kaicona, ta yi masa kyau. Na zauna a hannun kujera kusa da ƙofa.

Mama Shugaba ta kurɓi ruwa ta ajiye. "Dattijo, abin da ya wuce ya wuce. Yarinya ta yi ganganci da alƙalami, ta jefa ɗana cikin damuwa, har ya rame. Amma mu masu bi ne. Mun yafe mata. A ci gaba da shiri yadda aka tsara."

Goggo ta ce, "Madalla, madalla."

Baba ya dubi wajen da nake, ba idona ba. "Auta, kin ji. Sai ki yi godiya."

Na miƙe.

"Malam, kana da lambata?"

"'Yar'uwa, ai yanzu ba lokacin..."

"Kana da ita?"

"Ina da ita."

"Kwana ashirin. Me ya hana ka tambaye ni?"

Ya ɗago ido, jajur. "Tsoro na ji," ya ce a hankali. "Na ce in na tambaya kika ce gaskiya ne, ba zan iya ɗauka ba."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta taɓa ni, domin ita ce ta farko da ya taɓa yi min ba da muryar wa'azi ba. Saura kaɗan in zauna. Sai na tuna shafi biyun.

"Tsoron bai hana ka rubutu ba," na ce. "Layi ɗaya gare ni ya gagare ka, amma ka cika gaba da baya don ka wanke kanka. Da gaskiya ne fa? Da na faɗi ɗin, haka za ka tsallake ni ka wuce da tsarkinka?"

"Ke!" in ji Mama Shugaba. "Dattijo, kana ji?"

Na juya. Ban shirya wannan ba, fitowa kawai ta yi.

"Baba, ɗakina da naka bango ɗaya ne."

Goggo ta dafe ƙirji. A gidanmu ba a taɓa yi wa Baba haka ba, ko Mama ba ta yi. Na tsaya ina jiran tsawa.

Baba ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya miƙe ya buɗe ƙofar falo.

"Mama Shugaba, ku yi haƙuri ku je gida. Ba yau ba."

"Maganar auren fa?"

"Ba ni zan amsa ba. Mai amsar kuma har yanzu ba wanda ya tambaye ta."

Suka fita, ita tana sababi, shi yana waige. Baba ya dubi Goggo, ita ma ta tattara kofuna ta yi kicin. Ya mayar da ƙofa ya rufe. Wayata ta fara rawa a hannuna, sunan Malam a kai, tun bai kai bakin titi ba. Na kifa ta a kan tebur.

Baba bai koma kujerarsa ba. Ƙaramar kujerar katako da Mama ke ɗora ƙafa ya jawo, ya zauna a kai a gabana, gwiwoyinsa na ƙara. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar, duk ya yi fari.

"Auta," ya ce. "Zauna. Yanzu mu biyu ne. Fara da ni."